Zanen da Zare Ya Binne

(Laccar da aka gabatar a gaban taron ɗalibai, dangane da masu zanen riguna na ƙasar Kano da abin da ya rage na takardunsu)

 

Sa'ad da shugabannin wannan ƙungiya suka nemi mu zo mu yi magana, muka kuwa gaya musu cewa a kan zanen riga za mu yi ta, sai da ɗayansu ya dube mu ya sake dubawa, watau yana so ya tabbata ko da wasa muke. Ba mu ga laifinsa ba. A lokacin da jama'a suke fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, duk wanda ya tara 'yan jami'a ya ce zai yi musu lacca a kan aska takwas da tambari, lalle sai ya fara da kare kansa. To, abin da za mu kare kanmu da shi shi ne, akwai wani yanki na tarihinmu wanda yake a kan takarda, amma ba da baƙi da wasali aka rubuta shi ba, kuma yanzu haka da muke zaune a ɗakin nan gara tana cinsa a cikin adaka, waɗanda kuwa suka iya karanta shi tsufa ya cim musu. In muka jinkirta shekara goma, mai yiwuwa ne mu tarar babu takardar, babu mai fassara ta.

Bari mu fara daga can nesa, sa'an nan mu gangaro gida.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1947, wani Bafaranshe mai zanen tufafin mata, da ake kira Christian Dior, ya nuna kayansa na farko a birnin Faris. A lokacin ba a cika shekara biyu da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙasashen Turai duk a talauce suke, har ma a Ingila sai da takardar rabo ake sayen tufa, ba a kuwa daina haka ba sai a 1949. Ana cikin wannan hali mutumin nan ya fito da riguna masu matsattsen ƙugu da faffaɗan gindi, waɗansunsu sun ci yadi ashirin. Waɗansu mutane suka yi tir da wannan almubazzaranci, amma mata suka yi caa a kai, salon kuwa ya game Turai da Amurka. Ɗaya daga cikin fasali biyu da ya nuna ran nan sunansa Takwas, domin surar rigar ta yi kama da lambar 8. Mu ma muna da namu takwas ɗin, wanda ya girme nasa nesa ba kusa ba, za mu zo kansa.

Rigunan matan Faris ba su ne suka dame mu a nan ba. Yadda aka yi aikin, da abin da aka bari bayan an gama, su muke so ku lura da su. Sau biyu a shekara Dior yakan keɓe kansa, ya cika takardu da ɗaruruwan 'yan zane-zane da fensir, kana ya zaɓi waɗanda suka kwanta masa a rai ya miƙa wa shugabannin teloli. Su kuma sai su fara gwada ɗinkin da farin yadi mai araha, irin akokonmu, ya duba ya gyara, sa'an nan a yanka yadin gaske. Kowace riga a ba ta suna da lamba, a maƙala ƙyallen yadinta a jikin takarda. Shekara goma kaɗai ya yi yana wannan aiki, ya mutu a 1957, amma takardun nan ba a zubar da su ba. Gidan da ya tashi a cikinsa a garin Granville ya zama gidan tarihi. Yaronsa da ya gaje shi yana ɗan shekara 21, watau Yves Saint Laurent, haifaffen Oran ta ƙasar Aljeriya, shi ma ya riƙa adana zanensa da tufafinsa da gangan, har aka buɗe gidajen tarihi biyu da sunansa a 2017, ɗaya a Faris, ɗaya a Marakish ta ƙasar Maroko. A Landan kuma akwai gidan tarihi na Victoria and Albert, wanda asalinsa ya koma 1852, inda ake ajiye zanen masu tufafi kamar yadda ake ajiye littattafai masu daraja.

Mai tambaya yana iya cewa, tun da ga rigar, me za a yi da takardar? Amsa ita ce, rigar da aka gama ɓoye tunanin mai ita take yi. A jikin takarda ne ake ganin inda ya yi shakka, da inda ya goge, da abin da ya fara nufa kafin ya sake shawara. A jikinta ne kuma sunansa da shekarar aikin suke. Bugu da ƙari, dukiya ce, gama waɗanda suka gaji waɗannan kamfanoni sukan koma cikin tsofaffin takardu su ciro sabon salo su sayar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, amma Bafaranshe ne ya gina wa tasa zumar rumbu.

Yanzu mu dawo gida, mu ɗauki babbar riga ta aikin hannu, irin wadda kakanninmu suka sani, mu bi ta daga farko. Manomi ya noma auduga. Mata suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari. In baƙi ake so, zaren ya tafi marina. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, 'yan sirara, waɗansu ma, irin na turkuɗin Kura, da kyar suka wuce faɗin yatsa. In saƙi ne, ga shi nan da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. In barage ne, an sa jan alharini wanda fatake suke kawowa ta hamada daga Tarabulus. In kuwa tsamiya ce, to, zaren daga saƙar wata tsutsa yake, wadda takan yi gidanta a jikin itacen tsamiya. Maɗinki ya harhaɗa ƙwaryoyin nan da allura, ya fid da wuya, ya ɗora aljihu a ƙirji ta hagu. Har yanzu dai riga ce fara fat ko baƙa ƙirin, ba ta da magana.

A nan ne mutumin da muka zo dominsa yake shigowa. Sau da yawa malami ne, ko wanda ya daɗe a makarantar allo har hannunsa ya faɗa da rubutu da zayyana. Sai a shimfiɗa masa rigar, ya ɗauki alƙalami da tawada, ya zana aikin a jikin yadin kai tsaye. Ya ja askake, watau dogayen tsinin nan masu kama da bakin aska, biyu in aska biyu ce, takwas in aska takwas ce. Ya kewaya tambari, da'irar nan mai naɗewa wadda akan sa a ƙirji a kuma maimaita ta a baya. Ya yanka gidan biyar, ya ƙulla dagi. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi, ko zayyanar allon sauka, ko adon da ake yi a cikin Alƙur'ani rubutun hannu, zai gane cewa daga zaure ɗaya suka fito. In ya gama sai ya karɓi ɗan ladansa, a kai wa mai allura, wanda zai duƙufa wata da watanni yana bin layin nan da zare, yana huda 'yan idanu bila adadin, har ya cike. Daga nan a wanke, a kai wa mabuga su buge ta ta yi sheƙi.

Jama'a, ku dubi abin da ya auku ga mai zane. Kowane layi da ya ja, zare ya hau kansa ya rufe, abin da zare ya rage kuma ruwa ya wanke. Ranar da aikinsa ya cika, ran nan ne ya ɓace daga ido. Wanda ya sa rigar ranar salla, shi za a yaba. Mai allura, mai yiwuwa a tambayi sunansa. Amma wanda ya auna faɗin aljihu da ido, ya raba askake daidai, ya san inda tambari zai zauna don kada ya karkace in an ɗage hannun riga a kafaɗa, shi ba a ko tuna da shi. Dubi ma yadda muke raɗa wa kayan suna. Mukan ce girken Nufe, mu ce 'yar Dikwa, watau mu ba gari ko ƙabila. Mukan ce hula Zanna Bukar, da sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko wanda ya yi fice da sa ta. Sunan mai sawa ya zauna, na mai zanawa ya bi ruwa.

Kada mu yi saurin cewa sakaci ne. A zamanin da takarda daga Italiya take zuwa, ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi, irin mai tambarin jinjirin wata uku, tsadarta kuwa ba ta bari a ɓata ta a kan abin da ba Alƙur'ani ko littafin ilmi ko wasiƙar sarki ba. Saboda haka a ka ake ajiye zane. Yaro yakan zauna gaban malaminsa shekara da shekaru yana kallo, yana gwadawa a ƙasa da tsinke, har abin ya shiga hannunsa. Ga kuma sirrin sana'a, domin wanda ya zana gwanintarsa a takarda ya ajiye, kamar ya bar ƙofar rumbunsa a buɗe ne. Wannan tsari ya yi aiki ɗaruruwan shekaru, amma da sharaɗi guda, shi ne a sami yaron da zai zauna. Ran da yaro ya daina zama, ran nan littafin ya fara ƙonewa.

Waɗanda suka fito daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a cikinku kada su zaci labarin birni muke yi. Ƙasarmu ta kudancin Kano tana tsakiyar wannan sana'a tun fil azal, gama a nan ruwan sama ya fi yawa, a nan auduga da baba suke yi, ta nan kuma hanyar fatake ta Kano zuwa Zariya ta bi. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826, ya kuwa ƙiyasta mutanenta tsakanin 20,000 da 25,000, wanda a wancan zamani ba ƙaramin gari ba ne. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar take fitarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, a ƙalla, ya kuma ce ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Kayan nan ba a cikin ganuwar birni kaɗai aka yi su ba, a garuruwa da ƙauyuka irin namu aka kaɗa, aka saƙa, aka rina da yawansu, kamar yadda Philip Shea ya nuna a bincikensa na digirin dakta a 1975 a kan rini a ƙasar Kano. Agalawan Bebeji kuma su ne suka riƙa ɗaukar tufa su kai Gwanja su komo da goro. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma da fataucin nan na Gwanja ya fara kafin gyaɗa ta zo. Ta Bebeji ɗin dai rundunar Turawa ta biyo a farkon 1903, ta fasa ƙofar garin, kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Garin da ya ga wannan duka ba zai rasa masu zanen riga ba.

To, shekarun nan da Dior yake cika takardunsa, watau daga 1947 zuwa 1957, da 'yan shekarun da suka biyo baya, su ne kuma shekarun da sana'ar ado ta yi wani irin tashi a Arewa. Kuɗin gyaɗa da na auduga sun shigo hannun jama'a. Keken ɗinki ya bazu har ƙauye. Zare mai launi iri-iri ya cika kanti. Siyasa kuma ta zo da nata buƙatu, domin tufa ta zama magana. An yi babban hawan daba a Kaduna a 1956 saboda zuwan Sarauniyar Ingila, inda sarakuna suka fito da kayan da suka fi ƙauna. Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da manyan riguna da kuma kyautar su, dagi kuwa ya tashi daga jikin riga da bangon soro ya zama tambarin Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Amurka a watan Yuli na 1961 cikin babbar riga, ya yi jawabi a majalisarsu a haka. A ɗaya gefen kuma ga Malam Aminu Kano, wanda ya zaɓi tufa marar ado don ya nuna shi na talakawa ne, watau shi ma da tufar yake magana. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wadda ita ce mafarin ƙarshen masaƙin gargajiya, ko da yake ita ma ta rufe a 2002.

A cikin waɗannan shekaru takarda ta yi araha, har takardar buhun siminti ta zama abin yankan fasali a wurin teloli. Masu zane suka sami abin gwaji. Aka ƙago sababbin ado na ƙafar wando da zare mai launi, aka ƙago na hula iri-iri. Mata a cikin gida suka shiga ɗinkin zanen gado da rigar matashi, suna zana tsuntsaye da furanni, har da jirgin sama. Daga baya ma, tun wajen shekarun 1970, matan birnin Zariya suka shiga aikin manyan riguna da kansu, abin da a da maza kaɗai aka sani da shi, Elisha Renne ta yi rubutu a kan wannan. Saboda haka in ana maganar masu ƙago salon tufafi na tsakiyar ƙarni na 20, muna da namu, sun kuwa bar takardu, sai dai ba wanda ya ba takardun lamba.

Mutumin da ya fi kowa kula da wannan al'amari baƙo ne. David Heathcote, Bature ɗan Ingila, ya koyar da tarihin zane a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1967 zuwa 1979. Ya bi masu ɗinki har zaurukansu a Zariya da Kano da Katsina, yana tambayar sunan kowane ado da kowane irin ɗinki. A 1972 ya buga maƙala a mujallar Savanna, wadda ake bugawa a jami'ar, a kan wani tarin zanen ɗinki na takarda da ya samu a Kano, ya kuwa kira tarin da abin da ba a cika samun irinsa ba. A 1976 ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan, a cikin babban bikin nuna al'adun duniyar Musulmi da aka yi a shekarar, sa'an nan ya kammala digirinsa na dakta a 1979 a kan adon tufafin Hausawa. Waɗansu daga cikin kayan da ya tara suna Gidan Tarihi na Birtaniya. Ku lura da kalmar da ya yi amfani da ita tun 1972, lokacin da masu zanen suke da rai da ƙarfinsu. In a wancan lokaci abin ya yi wuyar samu, yaya ke nan bayan shekara hamsin da ɗoriya?

A watan Yuli na 2022 gidan tarihin nan na Victoria and Albert ya buɗe babban nunin tufafin Afirka, da aikin masu zane 45 daga ƙasashe fiye da 20, har da zanensu na takarda da hotunansu. A cikin magabatan da aka girmama akwai Shade Thomas-Fahm ta Ikko, wadda ta koyi zane a Landan ta komo ta buɗe shagonta a 1960, da Chris Seydou na Mali, da Kofi Ansah na Gana, da Alphadi na Nijar, wanda ya kafa bikin tufafin Afirka a hamadar Agadas a 1998. Mun yi murna da wannan ƙwarai. Amma duk huɗun nan sun zauna a Landan ko Faris, sun koyi al'adar sa hannu a ƙasan zane da ajiye shi a cikin fayil. Malamin da ya zana rigar da Firayim Minista ya shiga majalisar Amurka da ita, shi a zaure ya koya.

A hutun da ya wuce mun je gaida wani dattijo a wani ƙauye da ke kusa da Tudun Wada, wanda aka ce mana a ƙuruciyarsa shi ne mai zana wa mutanen yankin riga da wando. Idonsa ya yi rauni, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai ya sa jikansa ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki, a ƙasan waɗansu tsofaffin takardun haraji, ga 'yan fallaye na takardar siminti a naɗe. Gara ta cinye gefe guda, ɗanshi ya manne waɗansu da juna. Ya ce da sun fi haka yawa, amma an yi ƙaura sau biyu, yara kuma sun ɗebi waɗansu sun hura wuta, ba da mugun nufi ba, don ba wanda ya gaya musu ko mene ne. Da muka shimfiɗa ɗaya a tabarma sai ya bi ta da yatsa, yana faɗa mana inda ake farawa da inda ake ƙarewa. Da taƙi da yatsu yake awo. Babbar da'ira da bakin ƙwarya yake fid da ita, ƙanana kuwa da kwabo mai huji da anini. A wata takardar ya nuna mana wurin da ya ja aska ya ga ta yi gajarta, ya sake jan wata a gefenta, ga layukan biyu nan har yau, na kuskure da na gyara. Wannan shi ne abin da ba za ka taɓa gani a jikin riga ba. Muka tambaye shi wa ya koya masa, ya faɗi sunan malaminsa, da malamin malaminsa, da garin da wancan ya fito, kamar mai karanta salsalar ilmi. Jikan nan da ya jawo adakar telan keke ne, yana da shago a bakin titi, amma ran nan ya fara jin sunayen.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka ne za mu ture ba. Wani zai ce gidan tarihi kabari ne, abin da aka sa a bayan gilashi ya riga ya mutu. Akwai gaskiya a ciki. Takardar da aka kulle a ɗakin ajiya a Landan, wadda telan Kiru ba zai taɓa samun bizar zuwa ganinta ba, amfaninta gare shi kaɗan ne. Amma kabarin da aka rubuta suna a kansa ya fi cikin gara. Kuma muna da namu wuraren, ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970, ga gidan tarihi na Jos tun 1952, ga ɗakunan karatu na jami'o'inmu. Wani kuma zai ce Turawa sun kwashe mana kaya, a dawo da su tukuna. Wannan magana ta dace da tagullar Bini, wadda sojan Ingila suka kwasa da bakin bindiga a 1897. Takardar zane kuwa mai bincike ne ya bi mai ita ya nema, a lokacin da mu muke ƙunsa ƙosai da irinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan yoyon kuwa daga jinkarmu yake.

Mai ja na uku shi ne wanda zai ce duk wannan kayan ƙawa ne, ba ya cika ciki. Shi muna roƙonsa ya shiga Kantin Kwari ya duba daga ina yadin da ke ciki yake zuwa, sa'an nan ya leƙa shagon da injin kwamfuta yake zuba aikin wuya cikin 'yan sa'o'i. Injin nan ba ya ƙago komai, abin da aka ɗura masa shi yake maimaitawa. Wanda yake da taskar zane shi ne mai abin ɗurawa. In babu tamu taskar, to, za mu wayi gari muna sayen aska takwas daga hannun wanda bai san ko sunanta ba, a karkace, mu kuwa sa muna taƙama, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Suna ma kansa dukiya ne. Mun san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, domin an riƙe sunansa. Mun san Ladi Kwali mai ginin tukwane, har hotonta yana jikin takardar naira 20, domin an rubuta nata. A zamaninsu akwai gwanayen alƙalami da allura da ba su kasa su ba.

Abin da muke nema gare ku ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Hutu yana tafe, kowannenku kuma yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. In kun koma gida ku tambayi wane ne yake zanen riga ko hula ko wando a da, ku je ku gaishe shi da ladabi, da ɗan goronku. Kada ku fara da neman takarda, ku fara da neman labari. In ya yarda ya fito da ita, ku shimfiɗa ta a inuwa, ku ajiye rula a gefenta don a san girmanta, ku ɗauki gaba da baya. Ku rubuta sunansa da na malaminsa, da sunan kowane ado kamar yadda shi ya faɗa, ko da ya saɓa da wanda kuka sani, domin sunan da ake kira a Doguwa ba lalle ne ya zama na birni ba. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, saboda haka ku tambaya da abin da ya faru: kafin Sarki Sanusi ya sauka a 1963 ne ko bayan an naɗa Ado Bayero, da sule aka biya shi ko da naira wadda ta zo a 1973, kafin a tashi garuruwa saboda madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ko bayan nan. 'Yan'uwa mata, aikinku ya fi namu yawa, gama ku ne za ku iya shiga ɗakin tsohuwa ku ce ta buɗe adudu, inda zanen gadon aurenta yake, mai yiwuwa har da takardar da aka kwafe shi daga jiki.

Kada ku raba tsoho da takardarsa sai in shi ya bayar da kansa, da sanin iyalinsa. Kada ku liƙe yagewa da salatif, kada kuma ku kai a manne ta cikin leda da wuta, domin wannan gyaran ɓarna ne wanda ba ya warwaruwa. A sa ta a kwance tsakanin fararen takardu biyu, a ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango. Hotunan da bayanan kuwa a kawo wa sakataren ƙungiya, a yi kwafi biyu, ɗaya ya tafi ɗakin karatu na jami'a, ɗaya kuma a buga a mayar wa mai shi, don jikokinsa su gani da sunan kakansu a ƙasa.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata. Dattijon nan ya ba mu aron fallaye uku daga cikin adakarsa, ga su nan a kan tebur, har da mai layi biyun da muka ambata. Wanda yake so ya gani ya matso bayan an tashi, amma a zo biyar-biyar, kuma kada a taɓa da hannu mai gumi, domin mun yi masa alkawari za mu mayar masa da su yadda muka karɓa kafin ruwan farko ya sauka.